Karena na birkicewa in ya hango wani kare a hanya: wannan halin yana gyaruwa kuwa?

Maman_Tiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kare. Ina da kare namiji, bai cika shekara biyu ba, na karɓe shi ne daga hannun wasu da suka kasa riƙe shi tun bai shekara ba. A cikin gida ba shi da matsala ko kaɗan, yana jin kira, in an ce ya zauna ya zauna. Amma da zarar mun fita da igiya ya hango wani kare ko mai keke, shi ke nan ya birkice. Haushi, zabura, ya miƙe kan ƙafafun baya har igiyar tana shaƙe shi. A lokacin ko sunansa na kira ba ya ji, ko nama na kai masa baki ba ya kallo. Bai taɓa cizon kowa ba, amma gabana na faɗuwa duk lokacin da za mu fita. Irin wannan yana gyaruwa, ko haka zan zauna da shi iyakar rayuwarsa? Kuma mugunta ce ke sa shi, ko mene ne?

DogoMaiShiru: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Yawancin karnukan da ke irin wannan tsoro ne ke damun su, wasu kuma takaici ne, suna so su je wurin ɗayan karen igiya ta hana. Ki lura da abu guda: duk lokacin da ya yi haushi, ɗayan karen yana wucewa ya tafi. Shi a tunaninsa haushinsa ne ya kore shi. To kin ga kullum dabarar tana yi masa aiki, don me zai bari? Wannan da kika ce ba ya kallon nama, shi ne babbar alama. Karen da ya ƙi abinci a waje alhali yana ci a gida, ya riga ya wuce inda zai iya koyon wani abu. Kun yi kusa da abin da ke tayar masa da hankali.

SarkinYaki_88: Hajiya gaskiya ɗaya ce, karen nan bai ɗauke ki shugaba ba. Kare dabbar garke ce, in bai ga na gaba da shi ba sai ya naɗa kansa. Ki samo sarƙar wuya irin mai tsukewa, da ya fara ki fizge shi da ƙarfi ki daka masa tsawa. Ni haka na yi wa nawa kuma ya daina.

MalamaHalayya: Malam SarkinYaki, da girmamawa, wannan maganar ta shugaban garke tana da tarihi, kuma tarihin bai goyi bayanta ba. Ta samo asali ne daga binciken wani masani, Rudolf Schenkel, wanda ya yi nazarin kyarketai a gidan namun daji na Basel a ƙasar Suwizalan, ya wallafa a 1947. Waɗannan kyarketai ba dangin juna ba ne, tattaro su aka yi aka kulle wuri ɗaya, dole su yi ta faɗa. David Mech, wani masanin kyarketai wanda ya taimaka wajen yaɗa ra'ayin a 1970, da ya je ya zauna yana kallon kyarketai a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada, sai ya ga garken iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Ya rubuta haka a 1999, kuma shi da bakinsa ya yi ta roƙon mutane su daina amfani da tsohuwar fahimtar. Bayan haka ma, kare ba kyarkeci ba ne. Karen Maman_Tiga yana yi mata biyayya a gida, a waje ne kawai yake rikicewa. Wace irin neman sarauta ce ke tashi sai an hango keke?

SarkinYaki_88: Malama ni ban san Mech ba, abin da na gani da idona nake faɗa. Nawa ya daina haushin.

MalamaHalayya: Ban musa ba, yana iya dainawa. Fizga tana kashe haushin. Abin da ba ta taɓawa shi ne tsoron da ya haifi haushin, sai ma ta ƙara masa wani: yanzu ganin kare na nufin zafi a wuya. Wanda ya fi ba ni tsoro a aikina shi ne karen da aka hana gurnani. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a matsa. In an hukunta shi a kan gargaɗin, wata rana zai tsallake shi ya tafi kai tsaye ga haƙori, mutane su ce ya ciji ba dalili. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 cewa a riƙa horar da kare ta hanyar tukuici, har ma masu faɗa. Yankin Wales na Birtaniya kuwa tun 2010 ya haramta abin wuyan nan mai jan lantarki.

Baban_Zara: Ni dai ina tsakiya. Ban yarda da duka ba, amma akwai lokacin da dole ka riƙe kare da ƙarfi ka janye shi, musamman babba. Kada a sa mutane su ji kamar sun yi laifi don sun ja igiya sun ceci yaron da ke wucewa.

MalamaHalayya: Wannan daidai ne Baban_Zara. Janye kare daga haɗari daban, fizga a matsayin darasi daban.

Dr_Dabbobi: Hajiya Maman_Tiga, kafin a shiga maganar horo, a kai shi a duba lafiyarsa tukuna. Ciwo yana ɓuya a bayan irin wannan hali fiye da yadda ake zato: ƙugu, gwiwa, kashin baya, ciwon kunne, ruɓaɓɓen haƙori, har da ƙaiƙayin fata da ciwon ciki. Farfesa Daniel Mills na jami'ar Lincoln a Ingila da abokan aikinsa sun wallafa wani nazari a 2020 da ya nuna cewa kaso mai yawa na karnukan da ake kaiwa wurin masana saboda matsalar hali akwai ciwo a tare da su. Kare mai ciwon ƙugu ba ya son wani kare ya zo ya hau shi da wasa, sai ya fara korarsa tun daga nesa. Ki ɗauki bidiyonsa yana tafiya, yana tashi daga kwance, yana hawa matakala, ki nuna wa likita, don a ɗakin asibiti kare kan daure ya ɓoye ɗingishi. Sannan shekarunsa ma abin dubawa ne. Daga wajen wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi ko biyu kare yana cikin balaga, a nan ne irin wannan hali ya fi bayyana.

Maman_Tiga: Na gode ƙwarai Likita, ban taɓa kawo ciwo a raina ba. Yakan zauna a karkace, ƙafa ɗaya a gefe, zan nuna wa likitansa. Malam Dogo, ka ce mun yi kusa. To in na yi nesa, sai me? Tsayawa kawai zan yi muna kallo?

DogoMaiShiru: A'a Hajiya, ga yadda ake yi. Ki nemo tazarar da zai iya hango kare amma har yanzu yana cin abin da kika ba shi, yana jin sunansa. Wani kare mita goma ta ishe shi, wani sai hamsin, wani sai ya zama ɗigo can nesa. Daga nan za ki fara, komai nisanta. Da ya ɗaga kai ya ga karen, ki fara ba shi nama 'yan ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa. Da karen ya ɓace, naman ma ya tsaya.

A kula da jerin sosai, a nan mutane ke ɓata aikin. Ya fara ganin kare, sannan nama ya biyo. In kika riga shi hango karen kika fara cusa masa nama don ki ɗauke masa hankali, abin zai juye, ya koyi cewa fitowar nama alama ce ta abin tsoro na tafe. Ilimin nan tsoho ne, tun aikin masanin kimiyya Ivan Pavlov na Rasha: abin da ya zo farko shi ke zama albishir na abin da ke biye.

Kuma ba sai ya zauna ko ya yi wani abin kirki ba kafin ki ba shi. Ba ladan biyayya ba ne. Abin da yake ji a ransa game da karnuka kike son canzawa. Ranar da ya hango kare ya juyo ya kalle ki da kansa yana jiran rabonsa, aiki ya fara kamawa. Sai ki rage tazarar kaɗan, taku biyu ko uku, ba rabi ba. In ya fashe da haushi, ba faɗa, ki juya ku bar wurin, gobe ki ƙara nisa. Minti biyar zuwa goma na irin wannan ya fi awa guda ana fama.

Hajjo_K: Ƙari a kan na Malam Dogo, naman ya zama wanda ba ya samu sai a wannan lokacin. Dafaffiyar kaza ba gishiri ba albasa, don albasa guba ce ga kare. Kuma ki rage daga abincinsa na yini kada ya yi ƙiba.

Aminin_Baki: Duk wannan yana da daɗin karantawa, amma hanya ba ta tambayarka tazarar da kake so. Kana tafiya kwana ta kawo maka kare gaba da gaba. Ko wani ya saki nasa ba igiya, ya taho a guje, mai shi na can baya yana ɗaga murya wai ba ya cizo. To naka ba ya cizo, nawa fa? Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Aikin da ka daɗe kana ginawa, mutum ɗaya ya rushe maka shi.

UmmuFaruk: Wallahi ka taɓo inda ke mini ciwo. Abin da ya taimake ni biyu ne. Na koya wa karyata juyawa da sauri, a cikin gida muka fara inda babu komai: in ce "mu je", in juya, ta biyo ni, ta samu nama. Da ta saba, a waje ya zama wasa a wurinta, ba ta ma san guduwa muke yi ba. Na biyu, in sakakken kare ya nufo mu, nakan watsa masa nama cike da hannu a gabansa. Sau da yawa yakan tsaya tsinta, mu kuma mu shige bayan mota ko mu tsallaka titi. Ba kullum yake aiki ba amma ya sha cece mu.

Aminin_Baki: Zan gwada ta watsa naman. Na ga wasu na ɗaura ƙyalle rawaya a igiya wai alamar kare na buƙatar sarari, amma wanda bai san ma'anarsa ba ai ba zai kula ba.

Baban_Zara: Ni ina ganin a yi masa fiɗiya kawai, namiji ne, zai huce.

Dr_Dabbobi: Ba lallai ba, Malam. Fiɗiya tana rage yawon neman mace da yawan fitsari a ko'ina. Amma in tushen abin tsoro ne, ba ta magance shi, a wasu karnukan ma matsoracin yakan ƙara tsorata. Shawara ce da za a yanke da likitan da ya ga karen, kada a yi ta da fatan ita ce maganin haushi.

YarGidanKarnuka: Akwai abin da ba a ambata ba, kuma shi ya fi canza mana rayuwa: taruwar damuwa. Kare kamar kofi ne da ake ɗiga masa ruwa. Da safe an buga ƙofa ya yi haushi, ɗigo. Ya wuni a taga yana korar masu wucewa, ɗigo. Baƙi sun zo bai yi barci ba, ɗigo. Da yamma ya hango kare daga nesan da jiya bai dame shi ba, sai ya fashe, ke kuma ki ce horon bai yi ba. Sinadaran damuwa irin su kotisol ba sa sauka nan take, bayan babban tashin hankali jikin na buƙatar lokaci. Ni in mun yi mummunar rana, washegari ba ma fita hanya. Na ɓoye masa abinci a cikin ciyawa ko cikin tsumma ya yi ta shinshina yana nema, in ba shi abin tauna, ya yi barci. Karen da ya gama girma yana buƙatar barcin awa goma sha biyu zuwa sha huɗu a yini, da yawa daga masu birkicewa ba sa samu.

Kuma ki rufe masa tagar da yake leƙe, ko ki manna mata leda mai dishi-dishi. Duk haushin da ya yi ta taga atisaye ne na wanda zai yi a hanya.

Maman_Tiga: Yaya YarGidanKarnuka, kamar kina gidanmu. Wuni yake a bakin taga. Amma in ban fita da shi kullum ba, ba na zalunce shi ba? An ce kare sai da yawo.

YarGidanKarnuka: Ƙanwata, yawon da zai dawo yana haki idanu a waje ba hutu ba ne a wurinsa. Ki fita da shi lokacin da hanya ta yi tsit, ko ki kai shi fili da doguwar igiya ya shinshina son ransa. Wannan ya fi masa.

Kwikwiyo_Uku: Ni tambaya gare ni. Laifin waɗanda suka fara riƙe shi ne ke nan? Na ji an ce in ba a fitar da ɗan kwikwiyo ya ga duniya ba haka yake zama.

MalamaHalayya: Yana daga ciki. Daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu ko sha huɗu, kwikwiyo yana karɓar sabon abu cikin sauƙi, abin da bai saba da shi a lokacin ba yana iya zama abin tsoro daga baya. Amma akwai gado, akwai halin da uwar ta shiga tana da ciki, akwai karen da wani ya taɓa kai wa hari sau ɗaya ya riƙe abin. Na ga waɗanda aka yi musu komai daidai kuma suka tashi a haka. Neman mai laifi ba ya rage ko taku ɗaya daga tazarar. Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya ɗauki babban kare matsoraci ya jefa shi cikin taron karnuka wai ya saba. Wannan ƙofar ta kwikwiyo ce, ta rufe. Babba sai a hankali, daga nesa.

Direba_Mai_Kare: Hajiya ki koya masa takunkumi tun yanzu da bai ciji kowa ba. Nawa a tsakiyar haushi ya juyo ya kama cinyata, ba ni yake nufi ba, ni ce mafi kusa da bakinsa. Ki nemi irin mai kama da kwando, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki, ya sha ruwa, ki kuma zura masa nama ta ciki. Na ƙyalle mai ɗaure baki ruf na 'yan mintuna ne a asibiti, kada a yi yawo da shi, don da haki kare ke fitar da zafin jikinsa. Kada ki ɗaura masa rana ɗaya. Ki sa nama a ciki ya riƙa cusa hancinsa da kansa, sai ya saba kafin ki taɓa maɗaurin. Igiyar ma ki mayar da ita kan ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, ki raba ta da wuyansa.

Hajjo_K: Mutane na yi maka wani irin kallo in karenka na da takunkumi, amma ni tun da na sa wa nawa hannuna ya daina rawa a kan igiya, shi ma ya ji bambanci.

Dr_Dabbobi: Tunda an zo maganar cizo: ko na wane kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, a je asibiti, a kuma tabbatar allurar rigakafin haukan kare ta karenku ba ta wuce lokaci ba. Masu horo suna amfani da ma'aunin tsananin cizo na likitan dabbobi Ian Dunbar mai mataki shida, daga kai cafka ba tare da taɓa fata ba har zuwa mafi muni. Karen da ya huda fata da zurfi, ko akwai ƙananan yara a gidan, ba a shawo kansa da shawarar intanet, sai ƙwararre ya gan shi ido da ido.

Akwai kuma magani. Wani kare tsoronsa ya kai babu tazarar da zai iya cin abinci a waje, irin wannan likita kan haɗa masa da magani kamar fluoxetine, wanda aka amince da shi a Amurka a 2007 don karnuka masu damuwar rabuwa da mai su, likitoci kuma suna amfani da shi ga sauran nau'in tsoro. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa, ba a kuma tsayar da shi kwatsam. Ba ya koya wa kare komai, yana sauke shi ne zuwa inda horo zai shiga. Kada kowa ya ba kare maganin mutum da kansa.

SarkinYaki_88: Yanzu har maganin damuwa ake ba kare? Ni dai har yanzu ina ganin ana wahalar da abu mai sauƙi. Amma maganar takunkumi na yarda da ita.

UmmuFaruk: Maman_Tiga, bari in koma kan ainihin tambayarki, don an yi ta ba ki dabaru ba a amsa ta ba. Yana gyaruwa? Tawa ta tsufa yanzu. Muna wuce kare a ɗaya gefen titi ta kalle shi ta kalle ni, mu wuce. Amma har gobe ba ta gaisawa da baƙon kare hanci da hanci, kuma na daina nema mata hakan. Abin da ya fi mini wuya ba horon ba ne. Na so karen da zan shiga ko'ina da shi, sai na samu wadda sai na leƙa kowace kwana kafin mu shiga. Na yi kuka a kan wannan ba sau ɗaya ba, ga kunyar idon mutane in tana haushi. Ina son ta sosai, kuma ina gajiya, duka biyun gaskiya ne.

DogoMaiShiru: Nawa kuwa ya kai yana wasa da karnuka biyu da ya sani. Mun fara ne da tafiya a jere, kowa da igiyarsa, titi a tsakaninmu, fuska ɗaya muke kallo, ba gaba da gaba ba. Shi na takaici ne ba na tsoro ba, ina jin shi ya sa ya fi saurin sauka. Don haka amsar ta danganta da karen.

Aminin_Baki: Nawa kuma gaba yake yi ya dawo baya. Wata guda lafiya, sai a yi tsawa da dare ko sakakken kare ya afka mana, mu koma kusan farko. Ina rubuta kowace fita a waya, me ya gani, nisan nawa, ya ci ko bai ci ba, yaya ya yi saurin dawowa hayyacinsa. A rubutun ne nake ganin yana saurin hucewa fiye da da, ko da haushin bai ƙare ba.

Kwikwiyo_Uku: Malam Dogo, yaya ake bambance na tsoro da na takaici? Ƙaramin cikin nawa ya fara kuka yana jan igiya in ya ga kare, amma jelarsa tana kaɗawa.

MalamaHalayya: Kaɗa jela kaɗai ba ta nuna farin ciki, tana nuna jikinsa ya motsu ne kawai. Ka duba sauran jikin tun kafin kukan ya fara: ya sandare ne ko jikinsa a sake yake, yana lasar leɓe ko hamma ba barci, kunnuwa sun kwanta baya, farin idonsa ya fito, nauyinsa na kan ƙafafun gaba ko na baya. Sannan yaya yake da karnukan da ya sani in babu igiya? Ka sa wani ya ɗauki bidiyo daga gefe ka turo mu gani, a fara ɗauka tun kafin ya hango karen.